Ƙafata Ce Ta San Iyakar Gonarmu

Zuwa ga ɗana Sumana a Kumasi.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hamsatu da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan mun gode Allah. Ƙanwarka Zalika ke rubutawa, na ce ta sa maganata yadda ta fito, ban da gyara.

Zancen bayana ne. Wata huɗu ke nan ina salla a zaune. Wanzami ya yi mini ƙaho har ƙuguna ya koma kamar rariya, na ji sauƙi na kwana biyu. Gambi uwar tagwaye ta taka mini baya da ƙafar hagu sau uku don magani, tana cewa tun muna yara take neman ranar da za ta hau kaina. Na ce ta yi a hankali, buhun gero ya fi ta sauƙi. A Doso sun yi mini allura, sun ba ni ƙwayoyi masu kashe ciwon su tayar da na ciki, ko fura ba ta zama.

Na je Yamai wurin mutumin da ka nace in gani, mai daidaita ƙashin baya da hannu. Ba don na yarda ba, don ka daina aiko saƙo ne. Amma gaskiya na ga aiki. Wani direba ya shiga a duƙe, aka kwantar da shi, aka danna, na ji ƙas, ya fito yana neman takalminsa da kansa. Da aka zo kaina, sai ya ɗaga hoton ƙashina na asibiti ga haske, ya daɗe. Ya ce Baba, wanda bayansa ya ɗaure ake kwancewa, naka ya zama kamar karan da gara ta ci, in na danna zai karye. Na ce danna, ni ke da baya. Ya ƙi. Na ce Gambi ma ta hau ban mutu ba. Ya riƙe kai, ya ce kada wanda ya ƙara hawa. Ya koya mini motsa ƙafa a kwance kamar jariri, ya ce sauƙi sai a hankali. Duk cikinsu shi kaɗai bai taɓa ni ba, kuma shi kaɗai na kasa ƙaryatawa.

To a hankalin ne ba ni da shi. Jikokin Bonkano sun ce gonarmu ta bakin fadama ta ci tasu. Mai gari ya sa ranar taka iyaka, Alhamis ta biyu bayan ganin wata, kafin shuka. Ka san dokar: mai rantsuwa da ƙafarsa yake zagayawa, ba bisa jaki ba, ba a amalanke ba. Cikin waɗanda suka bi kakanka ranar da aka yanka gonar, ni kaɗai na rage. Zalika ta ce in faɗi alamomin ta rubuta. Na gwada. Na ce daga inda gawon nan ya faɗi zuwa inda raƙumin Kimba ya durƙusa. Ta tambaye ni wane gawo. Ashe an ƙone shi tun ba a haife ta ba. Baki ba ya iya faɗa, sai na taka wurin nake gane shi.

Jiya na gwada da sanda, ban wuce rijiya ba, mata suka kwaso ni. Na aika wa mai gari, ya ce in magajina ya riƙe ni ta hammata, ƙafata na jan ƙasa, ya karɓa. Maza duk kun tafi, Sumana. Ban taɓa roƙonka ka bar kasuwarka ba. Ka zo. Ba ni da nauyi yanzu.

Ka gaida Hamsatu, da Tinni, da takwarana sarkin ƙiriniya. Gambi na gaishe ka.

Mahaifinka,
Hamani Jibo