Ƙwaryar Mma ta daina bugawa

Assalamu alaikum ƙanena Abdul-Manan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya kare ku daga sanyin Italiya. Mu nan Asawase alhamdu lillahi. An yi addu'ar arba'in ɗin Mma, jama'a ta cika rumfar kanopi har bakin titi.

To, maganar ƙwaryar nan da ka ce a ajiye maka. Ka san aikin da 'yata Fareeda ta yi a jami'a: ta kwashi tsofaffin ƙoren kokon Mma ta sa musu wayoyi da ƙananan fitilu. In ka ɗora yatsa, ƙwarya sai ta ɗauki bugun zuciyarka, ta dinga haske tana ƙara dum-dum. Kowa a gida da tasa. Mma ta yi ta dariya ranar, wai ƙwaryarta ta sayar da koko, yanzu kuma ta shiga boko. Da ta rasu, tata ta ci gaba da bugawa a ɗakinta. In kewa ta dame ni, can nake zama.

Abdul-Manan, ƙwaryar ta lalace. Ka san dole a wanke kayan mamaci kafin a raba. Ina waje wajen baƙi, Anti Mamunatu da matan layi suka tattara komai suka zuba a baho, har da ita. Ba laifinsu ba ne, ƙwarya suka gani. Ni ce na manta ban gaya musu ba. Fareeda ta shanya ta a rana, ta kai wa masu gyara a Oforikrom, suka ce abin da ke riƙe bugun ya mutu. Ba ta kuma ajiye bugun a wani wuri ba. Wallahi na rasa yadda zan faɗa maka a waya, kai da ba ka samu jana'iza ba.

Jiya Fareeda ta gyara wata ta ce in sake gwadawa. Sai ga hawaye na zubo mata. Wai zuciyata tana ɗan tuntuɓe kafin ta ci gaba, daidai irin na Mma. Fareeda ta ware maka ƙwarya ɗaya, ba wanda ya taɓa. Ka zo ka ɗora yatsa, ko kai ma Mma ta bar maka irin bugun nata.

Ka gaida matarka Basiratu da ɗana Hussein. Kawu Bawah yana gaishe ka.

Yayarka,
Hadijatu