Maigidana Ya Zama Tarnaƙin Azzalumai

Assalamu alaikum Gwaggo Saude. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke damuna ya fi ƙarfin in kai wa dangi, maƙwabta kuwa sun riga ni sani. Ki sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma na aro ne, ko da yake duk wanda ya ci kasuwar Gwiwa a watannin nan ya san gidan da ake nufi.

Shekarata talatin da huɗu a ɗakin mijina. 'Ya'yanmu shida, duk sun kama gabansu sai autarmu Bahijja. Malam, wato maigidana, ma'aikacin duba-gari ne, ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Da farko ni ya mayar wurin aikinsa. Ya haska randata da tocila, ya buɗe tukwane yana shinshinawa, ya ce da a zamaninsa ne da makwararar gidan nan ta sa an ci ni tara. Daga baya wannan ma ya daina. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure tun hantsi har azahar, ba uhm ba uhm-uhm. Mahautan da a da suke russuna masa sai su ɗaga hannu daga kan babur su wuce. Ya rame, tuwo sai ya yi loma uku ya ture kwano.

Babban ɗanmu da ke aiki a Kazaure ne ya ce zaman shiru ne ke cin babansa. Ya zo ya sa mana sola, ya kafa talabijin a falo, ya kawo filashi da aka cika masa a wurin masu tura fina-finai. Wai irin masu dogon zangon nan ne na jarumai, waɗanda asalinsu a littattafan zane suke, an yi musu fassarar Hausa. Turawa ne da matsattsun kaya kamar an shafa musu fenti. Wani ya tashi sama ba fiffike, wani ya tare jirgin ƙasa da ƙirji, in sun gama su sa kwat su koma ofis kamar ba su ba. Kuma abin ba ya ƙarewa. Wanda aka binne a zango na biyu da kuka da majina, sai ki gan shi a na uku yana shan shayi.

Gwaggo, ranar har shi wa yaron nan albarka na yi. Malam ya dawo cin abinci, ya dawo dariya. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina tsintar wake ina leƙawa, kuma akwai wata mace a ciki mai ɗaga mota da hannu ɗaya da take burge ni. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Majalisar su Malam da a da ake musun siyasa da farashin taki, yanzu dattawa da furfurarsu suna rantsuwa kan wa zai kayar da wa. Sai da Malam ya yi kwana uku ba ya gaisawa da amininsa Malam Ashiru, don kawai ya ce mai tashi saman nan igiya ce take riƙe da shi.

Ana nan sai jan labule ya ɓace. Mai kauri ne, na Bahijja, cikin kayan ɗakin da nake tara mata a hankali, don wani yaro ɗan Babura mai suna Musaddiƙ ya fito nemanta, magana har ta kai ga manya. Na birkice adaka, na birkice ƙarƙashin gado. Allah ya yafe mini, maƙwabciyata Shatu na zarga, don ita kaɗai na nuna wa. Ban fito fili na faɗa ba, amma na yi habaicin da ta gane, tun ranar ba ta sake taka gidana ba.

Wata ranar kasuwa ina bayan gida ina ba awaki dusa, sai na ji motsi a tsohon ɗakin da muke ajiye kara. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Malam ne. Ya sa takalmin robarsa na aiki, ya ɗaura takunkumin zamanin korona, ya maƙala tabarau irin na masu walda, ga labulen 'yata an rage masa tsawo an ɗaure a wuya. Ya tura babur ta ƙofar baya, bai tayar ba sai da ya kai bakin gona, wai don kada a gane. Babur ɗin nan kuwa shekararsa goma sha bakwai, ko makaho ya ji tarinsa ya san na waye.

Na saka hijabi na bi shi har kasuwa. Ashe ya kai wata guda yana yi. Ya ba kansa suna Tarnaƙin Azzalumai. Yana bin masu awo yana juya kwanukansu, duk wanda aka buga wa gindi don ya rage hatsi sai ya ɗaga shi sama jama'a su gani. Yana tsayawa kan mahauta sai sun rufe nama daga ƙuda. Yana yin wata murya mai kauri daga maƙogwaro. Kowa ya san shi, amma don girmansa ba mai nunawa. Da kunnena na ji wani mai gero ya russuna ya ce, “Barka da rana Malam, au, Tarnaƙi, ya mutan gida?” Shi kuma ya ce Tarnaƙi ba shi da gida. Ni ce fa gidan, ina tsaye a bayan mai manja. In ya ba da baya kuwa Baba Labule suke ce masa.

Abin da ya ɗaure mini kai, aikin yana ci. Mata sun ce rabon da su ga cikakken kwano a kasuwar nan tun kafin ya bar aiki. Sai na ja bakina na yi shiru. In ya dawo ya ce daga ta'aziyya yake, in ce Allah ya jiƙan musulmi. Mutanen da Malam ya yi wa ta'aziyya a wata biyun nan, da gaske ne da Gwiwa ta zama kufai. In ya fita masallaci in ɗauko labulen in wanke, in goge, in mayar inda yake. Ina jin yana zaton kayan jarumai ba sa datti.

Sati uku da suka wuce aka yi mai gaba ɗaya. Wani bijimi ya tsinke igiya a wurin sai da dabbobi, ya nufi rumfar da Fulani mata ke zama da ƙoren nono, wasu da goyo. Maza suka watse, har da masu sanda. Malam ya sha gabansa yana kaɗa labule yana ihu. Bijimin ya bar matan ya juyo kansa, ya ɗauke shi ya maka a kan tulin buhunan dusa. Allah ya tsare ƙahon bai shige shi ba, amma gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. Wanda ya ɗaga shi ya cire masa tabarau don ya sha iska, Gwaggo, Alhaji Maikasuwa ne, ƙanin mahaifin Musaddiƙ, wanda ya zo daga Babura sayen hatsi, kuma an ce mini har da binciken asalin gidanmu ya kawo shi. Wani ya ɗauki bidiyon abin a waya. Ƙanwata da ke aure a Roni ta gani, an gani a Kanya Babba, an sa masa kiɗa.

Da aka kawo shi gida a kan babur ɗin wani, ya dubi idona ya ce santsi ne ya kwashe shi a wurin alwala. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na gasa masa ƙafa ina hawaye, shi yana zaton tausayi ne kawai.

Yanzu mutanen Babura da suka ce za su zo sa rana bayan girbi sun yi ɗif. Musaddiƙ ya ce wa Bahijja a ƙara haƙuri, manya na shawara. Yarinya ta daina fita, ko islamiyya ba ta zuwa, ta ce ƙawayenta na kiranta 'yar Labule. Shi kuwa yana kwance yana kallon zango na biyar, shekaranjiya ma na ji yana tambayar wani magini tsawon katangar kasuwa kamu nawa ne, ina jin tsallake ta yake shirin yi.

In gaya masa na sani? Ina tsoron kunya ta kashe shi a tsaye, ya koma tabarmar zaure. In ƙona labulen? In sa a kwashe talabijin? Ko in ci gaba da wanki da guga har ranar da za a kawo mini shi a makara? Ki agaza mini.

Taki, Matar Jarumi, daga Gwiwa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa.

Na yi dariya da na karanta wasiƙarki, ba zan yi miki ƙarya ba, amma da na zo kan bijimin nan dariyar ta tsaya. Mijinki ba taɓaɓɓe ba ne. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar ana jin maganarsa, rana ɗaya aka ce ya je ya huta, kuma ba wanda ya koya masa yadda ake hutawa. Fim ɗin ara masa riga kawai ya yi. Aikin da yake yi a cikinta nasa ne tun asali, duba kwano da duba nama.

Ba ke kaɗai ce mai wannan kuka ba. A 'yan shekarun nan ina samun wasiƙu kan fina-finan nan daga matan aure, da malaman makaranta, har da wani ango da amaryarsa ta ce ba ya ko iya tsalle. Ban yi mamakin yadda suka karɓu ba. Inda famfo ya shekara ba ruwa, wanda aka ɗauka don ya gyara kuma yana taro a birni, dole mutane su so labarin wanda ake kira ya sauko daga sama nan take, ba ya neman a rubuto takarda. Sai dai waɗancan jaruman da na'ura ake haɗa su, in an zo wurin faɗuwa ma wani ake hayowa ya faɗi a madadinsu. Ba mai hawan jini a cikinsu, ba mai 'yar da za a sa wa rana.

Ke ma kina da naki kason. Shirun da kika yi don ki rufa masa asiri, da wanda garin ya yi don girmama shi, su suka kai shi gaban bijimi. Kowa ya ga kamar ladabi ne, alhali an bar dattijo shi kaɗai a cikin wasan da kowa ya san ƙarshensa.

Kada ki ƙona komai, kada ki taɓa talabijin. Wanda aka ƙwace wa abin wasa a gaban iyalinsa ba ya mantawa. Abu na farko, gwiwar nan a kai ta asibiti a ɗauki hoto, gashi da ruwan zafi ba ya nuna tsagewar ƙashi. Ki sa ɗanku na Kazaure ya zo da kansa ya kai shi, tunda shi ya kawo sola.

Sannan ki samu Malam Ashiru. Wanda ya iya ce wa mijinki igiya ce, shi ne mai faɗa masa gaskiya. Ya ɗauki dattawa biyu su je wurin sarkin kasuwa, su nemi a sa Malam cikin masu kula da awo da tsafta, a fili, da sunansa da babbar rigarsa. Matan da suka ga cikakken kwano su ne shaidunsa. Ranar da aka ba shi kujera a rumfa, ba zai sake tambayar tsawon katanga ba.

Zancen Babura kuwa, kada ku zauna kuna fassara shirunsu. A tura babba daga danginsa ya je ya gaida Alhaji Maikasuwa, ya yi masa godiyar ɗaga ɗan'uwansu da ya yi, ba tare da kame-kame ba. Alhajin nan yana wurin. Ya ga tabarau, amma ya ga waɗanda suka gudu da wanda ya tsaya. Mai cinikin hatsi kuma ya san darajar mutumin da ba ya yarda a buga gindin kwano. Ina kyautata zaton kunyar yadda za su haɗa ido da shi ce ta riƙe su. In kuwa suka ce sun fasa saboda wannan, to Allah ya raba Bahijja da gidan da za a riƙa yi mata gori ne. Ki zaunar da ita ki ba ta labarin matan nan masu goyo, don da alama a waya an yanke wannan wurin.

Shatu kuma yau ɗin nan, kafin ki yi komai, ki yafa mayafi ki shiga gidanta ki ce kin zalunce ta. Ita kaɗai ce a labarin nan aka cuta ba ta ci ba ba ta sha ba.

Saura babbar. E, ki gaya masa. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ba kowa a gidan, talabijin a kashe. Kada ki fara da ƙaryar alwala, zai kawo ta da kansa in kin ba shi hanya. Ki ce masa kin ji abin da ya yi wa matan Fulanin nan, kuma duk tsawon zamanku ba ki taɓa alfahari da shi kamar ranar ba, ba ki kuma taɓa jin tsoron zama gwauruwa kamar ranar ba. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko zai kai la'asar bai ce uffan ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Bahijja, ya nuna mana ranar da Malam zai karɓi sadakinta a zaurensa da fuskarsa a buɗe.

Gwaggo Saude.