Rigar Sanyin da Na Cire Miki

Zuwa ga aminiyata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Na leƙa Mamanki a unguwar Madaki ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, tana gaishe ki.

A fili nake rubuta miki, a shafinki na intanet inda kike saka hotuna, domin a nan abin ya same ni.

Kin tuna ranar da na raka ki filin jirgi na Lawanti? Aka ɗora akwatinki a sikeli, aka ce ya yi nauyi, sai an rage. Muka durƙusa a gaban jama'a muka buɗe shi. Ga kuka da daddawa da yajin da na yi kwana uku ina daka miki. Ga kuma rigar sanyi mai kauri da na yini ina tonowa a wurin 'yan gwanjo.

Ke duk kin rikice, ba ki taɓa shiga jirgi ba, sai ni na yanke hukunci. A zafin Gombe na watan Afrilu, gumi na bin bayana, na ɗaga rigar na ce, "Sanyi ba ya kisa, amma ke ba ki iya kwana biyu ba miyar kuka." Na koma gida da ita ina jin na yi dabara.

Sauran labarin a rubutunki na karanta, kamar kowa. Kin sauka Manchesta ta ƙasar Ingila da 'yar rigar atamfa, ana ruwa da iska. Layinki ba ya aiki, ba ki san motar da za ki hau ba, kowa na sauri, ba mai ce miki sannu. Sai wata Abena, 'yar Gana, ma'aikaciyar jinya irinki, ta gan ki kina rawar ɗari, ta tuɓe tata rigar sanyin ta yafa miki. Kika rubuta wai Allah ya ba ki 'yar'uwa a inda ba ki san kowa ba.

Mutane na ta amin a ƙasa. Ni ban danna komai ba.

Kishi nake, Rifkatu, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin muna tare tun daga benci ɗaya a firamare, na yi Kirsimeti a gidanku, kin ci naman layya a namu, ba ki taɓa yi mini irin wannan rubutun ba. Ita kuwa da riga ɗaya ta samu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da hannuna na buɗe mata ƙofar.

Da kullum kike kira, yanzu sai Asabar, kuma rabin hirar Abena ce. Jiya na ga sabon hoto, tuwo da miyar kuka, hannu biyu a kwano ɗaya. Ban san kwanon ba, amma miyar na san ta.

Rigar tana rataye a bayan ƙofata har yau. Ki yafe mini sanyin da kika sha. Abu ɗaya nake roƙo: in kun sake zama cin tuwo, ki gaya mata sunan wadda ta daka kukar.

Allah ya tsare mini ke, ya dawo da ke lafiya. Allah ya saka wa Abena da alheri. Wannan layin sau uku ina goge shi, amma da gaske nake.

Taki tun kafin ita,
Hadiza, Bagadaza