Mangwaron Alwin

Asabar, 23 ga Satumba

Guguwa ta tafi da kwanon rufin kicin, ban san inda ya sauka ba. Kyamarata ta tsira, don cikin tukunya na sa ta na rufe. Duwatsun da ke bayan ƙauye sun koma ja kamar an bi su da wuta, ko ganye ɗaya babu. A bayan gida, cikin mangwaro biyun da Baba ya shuka, ɗaya na kwance, ɗaya na tsaye tsirara.

Laraba, 27 ga Satumba

Na taka har Roseau, babban birninmu, neman sabis na waya. Yayana Alwin ya kira daga Ingila. Bai tambayi rufi ba. "Marcelline, itacena fa?" Likitoci na so su yi masa aikin zuciya, ya ce ba zai kwanta a gabansu ba sai ya ga hoton mangwaron da aka binne cibiyarsa a gindinsa. Na ce masa, mutum da furfura! Ya ce shi ya saya mini kyamarar, in yi amfani da ita.

Na buɗe baki in ce lafiya lau yake, sai na tsaya. Ɗaya nasa ne, ɗaya nawa, amma wanne ne nasa? Shekara arba'in ina share ƙarƙashinsu, ban taɓa tambaya ba.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na tambayi Tanti Philo, ƙanwar Mama. Ta ce na kusa da kicin, wato wanda ya faɗi, nawa ne. Hankalina ya ɗan kwanta. Sai ga Misye Théophile maƙwabcinmu ya leƙo ta inda katanga take a da.

"Ƙarya ne. Ni na haƙa ramin yaron, gefen kicin."

Tanti ta ce, "Kai da ka sha giya ranar har ka faɗa cikin ramin?"

"To ai shi ya sa nake tunawa, tsohuwa!"

Mama da Baba sun tafi kabari da amsar. Ni ban yarda da waɗannan abubuwa ba, wai ran mutum na bin itacen cibiyarsa, na sani. Amma na rasa ta inda zan fara.

Litinin, 2 ga Oktoba

Na bi itatuwan da kyamara a tsanake, na tsayen da farko, sannan na kwancen, daga gindi zuwa sama, kusa-kusa. Ɓawon da iska ta ɗaye, farin naman itacen a yage kamar zaren rogo, ƙaro na tsatsowa, tururuwa a kai. Wani guntun kwano ya shige cikin na tsayen har rabi. Da na zauna dubawa ban iya raba hoton wannan da na wancan ba. Ni da na ɗauka!

Alhamis, 5 ga Oktoba

In na tura masa na tsayen, zai ga ƙashi ne kawai. In na tura na kwancen, ya shiga uku. In kuma Tanti ce da gaskiya, ni ce a kwance.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ba komai. Shinkafar agaji da kifin gwangwani.

Talata, 10 ga Oktoba

Masu injin yanka itace sun iso layinmu. Babbansu ya ce mini, da kiran da ake wa mace marar aure, "Mamzèl, a yanka miki wannan ki samu gawayi?" Na ce e. Na ce a'a. Na ce su dawo. Ya ce in na gama shawara da itacen in aiko.

Matar Alwin ta turo saƙo ta hannun limamin cocinmu: ƙafafunsa sun kumbura, har yanzu ya ƙi.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na durƙusa zan ɗauki hoton saiwoyin na kwancen, ashe rabinsu na cikin ƙasa. A jikin kututturen kuma ga toho, 'yan ganye ja-ja masu sheƙi, ba su kai farcena ba. Na kwanta a laka, na matsa har gilashin kyamarar ya kusa taɓa su. Sai na karkata kyamarar gefe. A hoton, itacen a tsaye yake.

Wannan ƙarya ce? Ganyen dai na gaske ne.

Litinin, 16 ga Oktoba

Roseau kuma. Na tura masa hoton. Bai daɗe ba ya kira, yana dariya yana haki. "Shi ne! Na gefen kicin, ko a mafarki na san ɓawonsa. Dama na ce taurin kai gare shi." Ashe shi ya sani tun farko. Ban gaya masa a kwance yake ba. Ya ce ranar Alhamis zai shiga asibiti.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na aika wa masu inji kada su zo. Na tara ƙasa a kan saiwoyin da ke waje.

Wato na tsayen nawa ne. Har yau ko toho ɗaya babu, na duba reshe-reshe da kyamara. Da safe na zare masa guntun kwanon nan. Ruwa sai an je rafi an ɗebo, kuma Tanti ta gan ni ina juye bokiti a gindinsa. Na ce mata ruwan wanki ne.

Ba na wanki ba ne.