Ƙanen Mijina Ya Riƙe Kifin Marigayi, Ya Ba Ni Ƙazamin Soso

Baba Everett,

Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Mijina Wendell ya rasu bara, ya bar mini jan kifi guda ɗaya mai suna Janar. Shekara goma sha ɗaya yana kiwonsa, har ya kai girman tafin hannu. Kullum da safe sai Wendell ya gaishe da kifin nan kafin ya gaishe ni, ban taɓa jin haushi ba.

Da na sayar da gidanmu na koma ƙaramin wuri, tsohon tankin gilashin ya tsage a hanya. Ƙanen mijina Orrin, wanda shi ma yake kiwon kifi a ɗakin ƙasa na gidansa, ya karɓi Janar, wai na ɗan lokaci. Yau wata huɗu ke nan.

Na sayi sabon tanki da sabuwar na'urar tace ruwa, na cika shi, ruwa garau kamar hawaye. Na kira Orrin ya kawo mini kifina. Sai ga shi babu kifi, sai rabin soson na'urarsa a leda, baƙi-ƙirin, yana warin bakin tafki. Ya ce in sa shi cikin na'urar, in riƙa zuba ɗan abincin kifi a tankin, in jira mako huɗu. Baba, in ciyar da tankin da babu kowa a ciki! Ni ma'aikaciyar jinya ce shekara talatin, ban saba sa ƙazanta a abu mai tsabta ba. Yana fita na wanke soson tas da ruwan zafi na famfo, sannan na sa.

Da ya dawo ya gani, sai ya dafe kai ya ce, "Matar yaya, kin kashe su duka." Na ce su wa? Ya ce dai sai mun sake lissafi daga farko.

Anya kuwa? Matarsa ta faɗa mini yanzu yana zama gaban tankin yana yi wa Janar hira. Ina zargin ya ƙirƙiro zancen soson ne don ya cinye mini kifi. Shin in ɗauki bokiti in je in ƙwato abina? Ba na son faɗa da dangin Wendell, amma kifin nan ne kaɗai abin da ya bar mini mai numfashi.

Mai Tanki Babu Kifi, Duluth

*

Baiwar Allah,

Allah ya jiƙan Wendell. Ajiye bokitin nan tukuna, ki ja kujera.

Maganar soso gaskiya Orrin ya faɗa miki. Kifi a inda yake sha nan yake bayan gida, kuma abin da yake fitarwa guba ne gare shi. Ba na'urar ce ke kashe gubar ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama cikin soso suna cinye ta. Sabuwar na'ura gida ne da ba a tare ba. Kin san yadda ake zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama? To, baƙin soson nan shi ne tsohon kindirmon. Abincin da ya ce ki zuba kuwa nasu ne, kada yunwa ta kashe su kafin mai gidan ya iso. Ruwan famfo yana da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ga shi kin haɗa da zafi. Aikin asibiti kika yi musu, kuma kin iya aikinki.

Ni ma na taɓa yin wannan tsabtar ina saurayi. Kifi shida na binne a bayan gida cikin mako guda, ruwan kuma garau yake har ranar jana'iza. Ba kyan ruwa ake dubawa ba.

Amma ban wanke Orrin tas ba. Wanda ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya ƙazamin soso bai yi mata bayani ba, shi ya jawo. Kuma na yarda ba ya gaggawar rabuwa da Janar. Ke miji kika rasa, shi yayansa ya rasa, kifin kuma ɗaya ne.

Ga yadda za ki gane gaskiya ba tare da faɗa ba. Ɗauki na'urarki ki kai gidansa, ya jona ta a tankin da Janar yake, kusa da tasa, mako huɗu. Ku sa rana a kalanda, a gaban matarsa. Ran nan a kawo na'urar da jiƙaƙƙen sosonta tare da kifin, kada a bar soson ya bushe a hanya. Kafin nan ki sa maganin kashe sinadarin famfo a ruwanki. Bayan Janar ya tare, ki riƙa gwada ruwan da kayan gwaji da ake samu a shagon kifi, ki rage masa abinci kwanakin farko. In soso ya yi datti nan gaba, ki matse shi a ruwan da kika ɗebo daga tankin, ba a famfo ba.

In Orrin ya fara kame-kame kan sa rana, rubuto mini, ni zan ara miki bokiti. Amma ina jin zai yarda. Mai niyyar cinye kifi ba ya yanko rabin soson da ke raya nasa kifayen ya kai gidan wani.

In Janar ya dawo, ki ba Orrin ranar Lahadi ya zo ya ciyar da shi, ki ɗora masa kofi. Bari ya yi hirarsa. Ina zaton ba da kifin yake magana ba.

Allah ya ba ki haƙuri, ya ja kwanan Janar.

Baba Everett