Rasuwar Dakta Saude Halliru a Hanyar Tsamaye

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Sarrafa 'Ya'yan Itace ta Gabashin Gobir ta samu labarin rasuwar shugabar sashenta na bincike, Hajiya Dakta Saude Halliru Turba, wadda 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta da hantsin ranar Talata a hanyar Tsamaye, suka kuma yi daji da abokiyar aikinta, Malama Halimat Badaru, wadda har yanzu ba mu ji ɗuriyarta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ta baro aikin koyarwa a Sakkwato shekara shida da suka wuce, ta dawo gida saboda ɓawon mangwaro da ƙwallonsa da masu matse lemo ke jibgewa bayan kasuwar Isa har su ruɓe. Ita ta koya wa matanmu shanya su a inuwa, da daka su, da tace sinadarin cikinsu mai hana maiƙo lalacewa, har man gyaɗarmu da man shanun makiyaya suka riƙa isa kasuwannin Nijar ba su yi wari ba. Mata saba'in da huɗu ke ci daga wannan aiki a yau, mafi yawansu waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu.

Sau biyu shugabannin ƙungiya suna roƙonta ta dakatar da zuwa ƙauyuka ɗauko ɓawo. Amsarta ɗaya ce: "Mangwaro ba ya jiran hanya ta yi kyau, za ni in ɗauko."

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifinta, Alhaji Halliru Illo, da maigidanta, Malam Muntaka Talha, da 'ya'yanta uku, da ɗaukacin jama'ar Turba. Allah Ya gafarta mata, Ya karɓi shahadarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi.

Ƙungiya ta dakatar da duk wata tafiya zuwa ƙauyuka. Muna roƙon jama'a su guji yaɗa jita-jita, domin ran Malama Halimat yana hannun mutanen nan, jaririyarta kuma wata huɗu gare ta. Duk mai ɗaga hannu yana yi wa Dakta Saude addu'a, ya haɗa da Malama Halimat.

Sa hannu:
Malam Kamaluddeen Amiru Isa,
Jami'in Hulɗa da Jama'a.