Jan Kallabin Asabe

Zawaciki, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya zafin Gumel? Ya jikin babanki, ciwon bayan ya sake shi? Mu nan sai godiya, in ban da gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida, an daina yi mata sannu da zuwa.

Saƙonki ya iso ni. Kin ce ke da ƙawayenki na kwaleji kun kafa ƙungiya, kuna haɗuwa kuna kallon finafinan da mata ke tsayawa da ƙafafunsu, kina so in zaɓo muku, in kuma rubuto a takarda don ki karanta musu. Sunan nan na Turanci da kuke kiran kanku harshena ya ƙi riƙe shi, amma na gane nufin: a daina taka mace. To madalla. Sai dai kin ba ni dariya da zancen tsayawa. 'Yar nan, ki zo kamfaninmu na Challawa ki ga tsayuwa. Daga safe har bayan la'asar a tsaye muke, muna ɗinke bakin tabarmar leda. Da can akwai bencuna, sabon fomanmu Ɗayyabu ya sa aka kwashe aka zuba a sito, wai zama ne ke kawo barci.

Kin zo wurin da ya dace, ba yabon kai ba. A bakin get ake karɓe mana wayoyi, don haka in an tashi cin abinci, mata sukan kewaye ni a inuwar bangon sito in ba su labarin abin da na kalla. Ni ce talabijin ɗinsu, ga shi ba na jiran a kawo wuta.

Na je wurin Sagir mai tura finafinai a Na'ibawa ya zuba muku a memori. Malam Labaran direba, mai kai kaya daga Dakata zuwa garinku, shi zai miƙa miki tare da takardar nan. Akwai na Indiya mai fassara, na wata da mijinta ya rasu ta karɓi tuƙin motar hayarsa. Ku haƙura da surutun mai fassarar, ku dubi yadda take ƙin sauka daga kujerar nan duk habaicin 'yan tasha. Akwai shiri mai dogon zango na wata ungozoma da ta ƙi rufa wa mai unguwa asiri. Shi kam yana da jan rai, amma matar ta iya shiru, kuma ba kowace jaruma ta iya ba. Na lauyar nan da ake ta yayi ban sa muku ba. Tun da aka fara ban ga ta yi gumi ba, kullum jan baki ram, ba ta taɓa neman wurin zama ba. Macen da ba ta gajiya a fim, ni ban yarda da ita ba.

Wanda na fi so shi ne wanda muke kira na mai jan kallabi. A kamfanin casar shinkafa take aiki, irinmu ce sak, har kaushin ƙafa. Aka hana su ruwan sha a bakin aiki, ranar nan ta ɗaura jan kallabinta tamau, ta nufi ofishin manaja ba sallama. Da na ba matan wurin aikinmu labarin yadda sauran ma'aikata suka ajiye aiki suka bi bayanta, har manaja ya ba da haƙuri, sai da Asabe ta yi guɗa. Asaben da nake ba ki labari, maƙwabciyata a teburin ɗinki, wadda ƙafafunta ke kumbura har silifa ba ya shiga. Da shi za ku fara.

Ki gai da mutanen gida da kyau.

Gwaggonki,
Aina'u


Zawaciki, Kano
Ranar Alhamis

'Yata Badi'a,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kuma saƙo ya isa hannunki. Kin ce jarrabawa ta hana ku zaman kallo, to Allah ya ba da sa'a. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Abin da ya sa na rubuto da wuri, wani abu ne ya faru, kuma na rasa wanda zan faɗa wa. Ranar Litinin Asabe ta zo aiki da jan kallabi sabo fil. Muka yi ta tsokanarta, wai ko fim za a ɗauke ta. Ta yi murmushi kawai. Rana ta take, zafi ya cika rumfar da muke aiki, injina na ta ruri, sai na ga ta ajiye almakashi. Ta gyara ɗauri, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni ta fi daɗewa tana kallo, sannan ta ja ƙafafun nan nata ta nufi ofis.

Badi'a, babu wadda ta bi ta. Har ni. Na ga bayanta tana tafiya, na san sarai abin da take jira, na sunkuyar da kai na ci gaba da tura tabarma a keke kamar ban da ita babu abin da Allah ya halitta. Atika da ke gefena ta taɓa ni da gwiwar hannu, na yi kamar ban ji ba.

Masu shara sun ce ba ta yi rashin kunya ba. Ta gaishe da manaja da ladabi, ta cire silifa ta nuna masa ƙafafunta, ta roƙi a dawo mana da bencunan da ke sito suna cin ƙura. Ya ce ya ji, za a duba. Ta dawo ta ƙarasa aikinta har aka tashi.

Kin san mu ba 'yan dindindin ba ne. Kullum da safe mukan taru a bakin get, foman ya fito ya riƙa nuna mutane da yatsa, wadda ya nuna ta shiga. Tsofaffin hannu irinmu an saba nuna mu ko ido a rufe. To mu ba a korarmu, daina nuna mu ake yi. Tun ranar Talata yatsan Ɗayyabu in ya zo kan Asabe sai ya tsallake, kamar mai tsallake kwata. Ita kuwa kullum tana zuwa, da kallabinta, ta tsaya har a rufe get. Mijinta tun da aka rufe kamfanin fatar da yake yi bai samu abin kirki ba, tukunyar gidan a kanta take.

Ina wucewa ta gabanta in shiga. Takan ce mini a fito lafiya. Da ma zagina take yi, da na fi samun barci.

Yanzu in an tashi cin abinci ba mai ce mini in ba da labari, ni ma bakina ya mutu. Ki sa mu a addu'a.

Gwaggonki,
Aina'u


Zawaciki, Kano
Ranar Lahadi

'Yata Badi'a,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ke da kowa da kowa. In har ba ku kalli na mai jan kallabi ba, ku dakata ki gama karanta wannan.

Ni gwaggonki, da kike yi wa kallon masaniyar finafinai, rabon da in ga ƙarshen fim har na manta. In na dawo na yi wanka na yi sallah, sai in jingina da bango in kunna. Kafin a je ko'ina wayar ta zame a cinyata. Washegari mata sun kewaye ni da kwanukansu suna jira, ni kuma in ce musu me? Sai in ɗora daga inda barci ya yanke mini, in ƙarasa yadda raina ke so. Ban taɓa ɗaukarsa ƙarya ba, gani nake gishiri ne. Mai jan kallabi, iyakar abin da idona ya gani shi ne ta tura ƙofar ofis. Matan da suka bi bayanta, da haƙurin manaja, duk ni na haife su a inuwar sito.

Yau da hantsi na ce sai na ga ƙwal uwar daka. Na jingina wayar a kan taga na kalle shi a tsaye, don na san in na zauna an gama. Tsayuwa ai sana'ata ce.

To ga abin da ya faru. Babu wadda ta bi ta. Aka kore ta a take. Tana tafe bakin titi tana kuka, sai ga ɗan mai kamfanin a wata doguwar mota, ya ga hawaye ya ji so. Daga nan sai waƙa da rawa a cikin lambu, sai lefe, sai ga ta a falo tana ba 'yan aiki umarni. Kallabin ma ba a sake ganinsa ba. Sauran matan kuwa, ko sun samu ruwan shan ko ƙishirwa ta kashe su, mai fim bai ga ya dace ya gaya mana ba. Na kashe wayar raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba, da shi ko da kaina.

Ban ci abinci ba na saka mayafi na tafi gidan Asabe. Na same ta a tsakar gida, ƙafafu cikin roba da ruwan ɗumi. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuma ya yanka nata. Sai ta yi dariya har tana riƙe ciki. Wai ai ta sani. Tun kafin in ba su labari ta kalle shi a wayar ƙanwar mijinta, har rawar lambun. Ta ce ranar da na kawo nawa ƙarshen, shi ya sa ta yi guɗa, don ta ji ashe a cikinmu akwai wadda ta san yadda ya kamata a yi. Ta ce ba fim ta bi ba, ni ta bi. Ta faɗa ne ba da zafi ba, tana ƙara ruwa a roba.

Na tafi da nufin neman gafarar ƙarya, ashe ba nan laifin yake ba. Na dawo gida da ƙafa, ban ma tuna da adaidaita ba.

Sauran da na turo muku, su ma ban san yadda suka ƙare ba. Mai tuƙin mota wataƙila wani ya aure ta ya karɓe makullin. Ku kalla har ƙarshe kafin ku yaba, kuma in an gama ku tambayi kanku ina matan da aka faro da su. Iyakar shawarar da ta rage mini ke nan. Na gaji, Badi'a, gajiyar da ruwan zafi ba ya fitarwa.

Gwaggonki,
Aina'u


Bakin get, Challawa
Ranar Laraba

'Yata Badi'a,

Sallama irin ta Musulunci. Ina fata kina lafiya, jarrabawa ta zo da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi. Malam Labaran yana lodi a kamfanin da ke kallonmu, ya ce in yi sauri.

Ranar Litinin na fito da tabarmata a hammata, irin wadda muke ɗinkawa, wataƙila ma ni na ɗinke bakinta. Ɗayyabu ya fito ya fara nuni. Ya tsallake Asabe, ya nuna ni. Ba zan yi miki ƙarya ba, ƙafata sai da ta ɗaga da kanta, don ta saba. Na tuna hayar ɗaki, na tuna shekaruna, wa zai ɗauki irina a kamfanonin Sharaɗa ko Bompai? Sai na shimfiɗa tabarmar a gefen get, na kama hannun Asabe muka zauna. Ya sake nuna ni, ya zaci ban gani ba. Na gaishe shi, na ce in an fito da bencunan, an kuma nuna maƙwabciyata, zan shiga.

Babu kiɗa, babu wanda ya tafa. Atika ta shiga har ta miƙa wayarta, sai ta karɓe ta dawo ta ce mu matsa mata. Halima, wata abokiyar aikinmu, ta zo jiya, tana zagina wai na ja mata. Yau an ƙaru kaɗan, har tabarma ta yi mana ƙaranci. Mafi yawa suna shiga, suna wucewa kansu a ƙasa, kuma ba na jin haushinsu, na san nauyin kan nan. Ɗayyabu ya cike gurbinmu da sababbin 'yan mata daga cikin masu jira, injina na ta rurinsu kamar ba a yi komai ba. Ɗazu dai manaja ya rage gilashin mota ya daɗe yana kallonmu kafin ya shige. Ko ƙirga mu yake, ko haddace fuskokinmu, Allah masani. Ɗan mai kamfani kuwa har yanzu bai biyo ta nan ba, Asabe ta ce ko hanya ce ta ɓace masa.

Tsoro nake ji, kada ki zaci ba na ji. Amma shekara da shekaru ina zuwa Challawa, sai a makon nan na zauna a cikinta da rana tsaka.

Da hantsin nan Asabe ta miƙe ƙafafu ta ce tunda ga zama ya samu, in ba su labari. Na ce ba ni da sabo. Ta ce to mu jira.

Kin nemi in zaɓo muku wanda mata suka tsaya da ƙafafunsu. Ki karanta wa ƙawayenki wannan, ko da yake a zaune muke. In sun tambaye ki yadda ya ƙare, ki ce gwaggonki ba ta sani ba, kuma wannan karon ba barci ne ya ɗauke ta ba.

Ki gai da babanki, amma kada ki gaya masa tukuna. Allah ya yi miki albarka.

Taki har kullum,
Gwaggo Aina'u